Raliya Ba Ta Fito Ba Tukuna

Yau kwana goma sha ɗaya
da na bar Nuraddin tsaye a ƙofar gidan su Raliya,
a shafi na tamanin da huɗu.
Ya aiki yaro ya yi mashi sallama da ita,
hula a karkace, maganar da ya tanada tana bakinsa.
Yaron bai dawo ba.
Ni ce yaron.

An yi dogon hutu.
Ɗiyana huɗu, na Yaya Barira uku daga Funtuwa,
da wani ɗan maƙwabta
da ban san ranar da ya zama namu ba,
sai dai na ga kwanonsa a layi.
Tukunyar da ke kai mu dare
yanzu ko la'asar ba ta gani.

Da asuba nakan ce yau zan fito da ita,
in ɗaura mata atamfa mai ruwan goro,
in sa mata turare a bayan kunne.
Kafin in ɗauki biro an ƙwala mani kira:
Sagir ya haɗiye ƙwallon goruba,
a'a, bai haɗiye ba, yana kumatunsa.
Hajjo ta ce an sa takalminta.
Gawayi ya jiƙe.
Mai ruwa yana buga ƙofa.

Ranar Talata hadari ya taso daga wajen Batagarawa,
ya sauke kansa kaf a Ƙofar Marusa.
Muna ta tara bokitai ƙarƙashin kwanon da ke yoyo,
sai na ji shewa a zaure.
Jirage uku na takarda suna bin kwata,
kuma na gane rubutuna a jikin na gaba.
Wasiƙar Nuraddin ce,
wadda na kwana biyu ina gyarawa,
ta nufi titi da "ya hasken idona" a gefenta,
Mudassir yana bin ta da gudu, ba riga.
Na buɗe baki zan yi faɗa.
Wallahi jirgin ya yi kyau.

Da dare Lawisa, mai sha uku,
ta tsinci littafin ƙarƙashin kwandon albasa,
ta karanta layi biyu da muryar 'yan rediyo,
sannan ta dube ni:
"Umma, wa ya taɓa faɗa maki irin wannan?"
Babansu yana gefe yana ɗaure wayar fitila.
Bai ɗago ba.
Kunnensa dai ya motsa.

Asabar da hantsi ya tsayar da Keke Napep biyu,
ya loda su duka, har ɗan maƙwabta,
wai za su je gona ganin gero ya fara kai.
Ya leƙo ta taga ya ce,
"Sai magariba. Kada ki dafa komai."

Gida ya yi tsit har ina jin ɗigar randa.
Na shimfiɗa tabarma, na buɗe tamanin da huɗu,
na ce to, Raliya, bismilla.

Kiran la'asar ne ya tashe ni,
da shatin biro a kumatu.

Saura awa biyu.
Na fito da ita a gaggauce, ko turaren ban sa mata ba.
Nuraddin ya dube ta,
duk abin da ya tanada ruwa ya tafi da shi.
Na jira. Shi ma ya jira.
Can ya ce mata, "Kin gaji. Zauna."
Ban san inda ya samo wannan ba,
na dai rubuta, ban goge ba.

Ga ƙarar Keke a bakin lungu.
Wani yana kuka, wani yana rantsuwa ba shi ba ne,
an ce mani an zo da ɗanyar gyaɗa
kuma wai yanzu za a dafa.